Ido Ya Koya a Waya, Hannu Fa?

Yau wurin aikina zan ja ku, sai ku yi haƙuri da warin asibiti na ɗan lokaci. Ni likita ce a wani asibitin gwamnati wanda ba na koyarwa ba, kuma akwai tambayar da ta fi shekara tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan aka ce an koya wa likita ɗaukar hoton zuciya, ta yaya za a tabbatar ya iya?

Hoton zuciya, wanda muke ce wa eko a tsakaninmu, ɗan uwan sikanin ɗin nan ne da ake yi wa masu ciki. Na'ura ce ke aika sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, ya bugi nama ya dawo kamar amsa-kuwwa, ita kuma ta mai da shi hoto mai motsi. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na zuciya kuwa miliyan biyu ne zuwa biyar. A 1953 aka fara shi a garin Lund na ƙasar Suwidin, inda wani likita, Inge Edler, da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka aro na'urar da ake neman tsagewar ƙarfe da ita a wurin ƙera jiragen ruwa, suka ɗora ta a ƙirjin mutum.

Sai dai zuciya ba ta zauna a sarari kamar ɗan tayi ba. Tana cikin kejin haƙarƙari, huhu ya lulluɓe ta, sautin nan kuma ba ya ratsa ƙashi, ba ya ratsa iska. Dole ka lallaɓa ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙasusuwa, waɗanda faɗinsu bai fi na yatsa ba. Ka karkata hannu kaɗan, ɗakunan zuciya huɗu su bayyana tar. Ka ƙara karkatawa kamar ƙwayar gero, komai ya koma hazo. Shi ya sa aikin ya kasu biyu: akwai na ido, wato gane abin da ke kan allo, akwai kuma na hannu, wato samo hoton tun farko.

Kada wani ya ɗauka wannan kayan alatu ne na asibitocin masu kuɗi. A ƙasar Hausa muna da wani ciwon da ya fi yawa a wurinmu fiye da kusan ko'ina a duniya: zuciyar mace ta raunana a ƙarshen ciki ko a watannin jego, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, kwanciya ta zama azaba. Tun cikin shekarun 1970 likitocin nan Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa a Zariya, inda suka ga yana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya ya fi karkata ga rama, rashin karatu, rashin abin yi da hawan jinin ciki. Ko ma mene ne silarsa, ba a tabbatar da ciwon sai da eko. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta a kowane bugu. A wannan ciwo abin yakan sauko ƙasa da kashi 45 cikin ɗari. Abin sauraren ƙirji ba zai ba ka wannan adadi ba. Ga kuma yaran da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba yake lalata wa ƙyamaren zuciya a hankali, ga masu tarin fuka da ruwa ke taruwa a jakar zuciyarsu. Likitocin zuciya kuwa 'yan ƙalilan ne, akasarinsu suna asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Matar da ba ta iya kwanciya a gadonta, ta yaya za ta yi awa huɗu a bayan mota?

Daga nan tunanin ya samo asali: a koya wa likitocin ƙananan asibitoci taƙaitaccen eko, wanda zai amsa 'yan tambayoyi. Zuciyar na matsewa ko ta saki? Akwai ruwa a kewayenta? Ƙyaure na yoyo? Tunda kuwa ba za a iya ɗauke likita ɗaya tilo daga asibitinsa na wata shida ba, sai aka haɗa hanya biyu: darussa a waya ko kwamfuta da mutum zai bi a lokacin da ya samu, sannan 'yan kwanaki na haɗuwa da malami ido da ido. Ni na fi son in kira shi karatun rabi-da-rabi, ko da yake sunan ne kawai; a wanda na halarta mun yi kusan wata uku a waya, kwana biyar a bakin gado.

Bari in ba rabin wayar haƙƙinsa, don na ga masu raina shi. Wanda ya yi wata guda yana bin malami a asibiti zai ga abin da Allah ya kawo a watan ne kawai. Idan mai ruwa a jakar zuciya bai zo ba, shi ke nan, bai gani ba. A waya kuwa na ga irin wannan hoton fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na mai da shi baya, na rage masa gudu, na sake kallo da ƙarfe biyun dare ina jiran a kira ni ɗakin haihuwa. Ba malamin da zai jure in tambaye shi abu ɗaya sau goma sha biyar. Bidiyo ba ya gajiya, ba ya tsaki. Kuma ranar da muka haɗu da malaminmu bai ɓata ko awa ɗaya yana zana mana zuciya a allo ba, kai tsaye ya miƙa mana na'ura. Wannan riba ce ta gaske. Kuɗin data da rashin wuta su ne suka ci mu, amma wannan kuka ne na wata rana.

Matsalata tana wurin awo. Ga yadda aka auna mu. Ranar farko an ba mu tambayoyi na zaɓi-ɗaya, muka zuba shirme, tunda ba mu san komai ba. Ranar ƙarshe aka sake ba mu irinsu, kusan kowa ya haye. Sai aka raba wata takarda: Kun gamsu da malamai? Kuna jin za ku iya? Za ku ba wani shawara ya zo? Mutanen da aka ba masauki, aka ciyar da su kwana biyar, aka yi musu alƙawarin takardar shaida, me ake tsammani za su rubuta? Mu da aka tarbiyyantar a kan ba a kushe tuwon mai masauki. Aka haɗa makin farko da na ƙarshe, aka zana tsani mai hawa sama, aka ce shiri ya yi nasara.

Ba ƙarya aka yi ba. An dai auna abin da ke da sauƙin aunawa ne. Masana harkar koyarwa sun daɗe da sanin wannan rami. Tun 1959 wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya bambanta jin daɗin ɗalibi da abin da ya koya, ya bambanta wannan da abin da yake yi idan ya koma bakin aiki, da kuma amfanin da aka samu a ƙarshe. A 1990 George Miller ya yi wa likitoci makamancin wannan: sanin abu daban, iya nuna shi a gaban mai jarrabawa daban, yin sa kullum ba mai kallo kuma daban. Takardunmu biyu a matakan ƙasa suka tsaya. Su kuwa matakan sama tsada gare su, sai an jira watanni, sai an shiga mota an bi mutane garuruwansu, shi kuma mai ba da kuɗi yana son rahoto kafin ƙarshen shekara.

Akwai wani babban nazari da David Cook da abokan aikinsa suka fitar a 2008, inda suka tattara bincike kusan 200 a kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Abin da ya fito: idan aka kwatanta da rashin koyarwa gaba ɗaya, amfaninsa babba ne, idan aka kwatanta da koyarwar aji, kusan kunnen doki suke. Na farkon bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Duk wanda ka koya wa abu zai fi wanda ba ka koya wa ba, ko da a gindin bishiya ka koyar. Amma har yau shi ne sakamakon da ake ta sake ganowa ana tafi.

An yi mana gwajin hannu, kada in ci amanar gaskiya. To amma a kan wa? A kan samari 'yan makarantar koyon jinya da aka ɗauko aka ba su ɗan abin sayen sabulu. Sirara, lafiyayyu, haƙarƙari a fili, ka ce su juya hagu su juya, ka ce su riƙe numfashi su riƙe. Zuciyar irin waɗannan ko da hannun hagu ka riƙe na'ura za ta fito. Duk kwana biyar ɗin nan ba mu ɗora na'ura a ƙirjin mace ko ɗaya ba, alhali mata masu jego su ne suka fi kai mu wurin. Ga shi kuwa mafi muhimmancin kafar da ake leƙen zuciya, wadda ke nuna ɗakuna huɗu a jere, tana ƙarƙashin maman hagu ne. Yadda likita namiji zai nemi izinin wannan a wurin matar ƙauye, mijinta na bakin ƙofa, uwarta na tsaye, yadda zai sa a rufe ta da zane ya bar iya wurin da yake bukata, yadda zai yi da ƙirjin mai shayarwa da ya cika yana ciwo, duk babu a bidiyo, babu a takardar maki. Bidiyoyin ma, in ka lura, ƙirjin namiji ne a yawancinsu.

Wani abu kuma da ya fi ba ni tsoro: mummunan hoto ba ya cewa ni mummuna ne. Idan ka ɗora na'ura a kafar da ta yi sama da inda ya dace, ɗakuna huɗun za su fito, kyakkyawa kuwa, sai dai ka yanke zuciyar a karkace. Babban ɗakin zai gajarce, ya yi kamar yana matsewa da ƙarfi fiye da gaskiyarsa. Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo. Likitan da ya ci duk tambayoyin allo zai karanta wannan hoton daidai yadda aka koya masa, ya ce lafiya lau, domin kuskuren ya riga ya faru a hannunsa kafin ya iso idonsa. Jarrabawar da ke nuna maka hoton da gwani ya ɗauka ta ce ka fassara, ba za ta taɓa kama wannan ba.

Bayan wata takwas malaminmu ya roƙe ni in zagaya wurin wasu daga cikinmu da ke kusa da ni, in ga yadda suke. Ba wani bincike ba ne, shi ma zuciyarsa ce ba ta kwanta ba. Wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa, an yi masa canjin wurin aiki zuwa inda babu na'ura. Tun da muka rabu bai sake taɓa ta ba. Ya ce mini, "Dakta, in kin nuna mini hoto zan gaya miki mene ne, amma kada ki miƙo mini abin nan." Wata kuma na'urar na nan, sai dai tana ɗakin masu ciki, makullin na hannun wani, ba ta samun ta sai bayan la'asar. Akwai kuma waɗanda tun a makonnin waya suka zame, saboda aiki ko data ko haihuwa, ba su iso kwana biyar ɗin ba. Su ba su cika takardar gamsuwa ba, don haka babu su a lissafi. Shirin da ya fara da mutum ashirin ya ƙare da goma, ya ce duk goman sun ci, ai rabin labari ya bayar.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani da makinsa bai wuce tsaka-tsaki ba. Na tarar yana da littafin rubutu irin na 'yan firamare, duk wanda ya duba ya rubuta. Ina zaune aka shigo da wata mai jego, wata biyu da haihuwa, ana riƙe da ita. Ƙafafu kamar turmi, numfashi sama-sama. Uwarta ta riga kowa magana.

"Likita, mun hana ta ruwan sanyi, ba ta ji ba. Jegon ta karya."

"Inna, ba laifinta ba ne, ba kuma naku ba," in ji shi. "Zan duba zuciyarta da wannan abin, kamar sikanin ɗin ciki ne, ba ya ciwo. Ki tsaya nan kusa da ita, ke za ki riƙe mata zanen."

Ba ta iya kwanciya ta hagu yadda littafi ya ce, ko minti ɗaya. Ya sa aka tara mata matasai ta jingina, ya kira nas mace ta tsaya, ya fara da kafar gefen ƙashin ƙirji. Ya ɗau lokaci, hannunsa na tafiya a hankali kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Zuciya ta fito, ta buɗe, bangonta na motsi da ƙyar. Babu ruwa a kewayenta. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: mai ruwa a jakar zuciya ma haka take zuwa da kumburi da haki, amma idan ruwan ya danne zuciyar, maganin fitsarin da zai sauƙaƙa wa waccan zai iya jefa wannan cikin haɗari. Ya nemi kafar ɗakuna huɗu, bai samu yadda yake so ba. Sai na ga ya rubuta a takardarta: ga abin da na gani, ga abin da ban samu ba. Ya ɗauki 'yan daƙiƙu na hoton, ya rufe sunanta, ya tura wa malam ta WhatsApp, ya fara mata magani.

Wannan layin na "ban samu ba" shi ne mafi tsada a duk abin da na gani a zagayen, kuma babu gurbinsa a kowace takardar awo da aka ba mu. Takardar gamsuwa ma akasin haka take sakawa: tana tambayar ƙarfin gwiwa, wanda ya ce yana ji zai iya komai shi ne shaidar nasara. Alhali a wannan aiki ƙarfin gwiwa yakan riga ƙwarewa isowa da nisa, kuma tsakanin isowar wannan da isowar wancan nan ne ake yi wa mutane ɓarna. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, sai dai a nan wuyan majiyyaci ake ɗaurewa.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni: ai da babu gara ba daɗi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba ne. Ku dubi yaran nan masu ciwon ƙyauren zuciya. A 2007 wani bincike a Kambodiya da Mozambik ya nuna eko na gano masu ciwon kusan ninki goma a kan abin sauraren ƙirji. Daga baya a arewacin Yuganda aka gwada yi wa yaran da aka gano da wuri allurar fenisilin duk mako huɗu. Bayan shekara biyu, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ciwonsu ya ci gaba, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kusan takwas cikin ɗari. To idan mai na'ura ya tsallake yaro mai ciwo, ya hana shi wannan kariya, ya kuma ba iyayensa kwanciyar hankalin da za ta hana su zuwa wani wuri. Idan kuma ya laƙaba wa lafiyayye, ya ɗora masa allura mai zafi duk wata na shekaru, da sunan "mai ciwon zuciya" da zai bi shi har maganar aure. A tsibirin Fiji, da aka horar da ma'aikatan jinya bakwai na mako takwas, ba a tsaya ga tambayar su ko sun gamsu ba. An sa sun duba 'yan makaranta kusan 2,000, aka sake duba yaran da cikakken eko, aka kwatanta. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, amma an ga hannu ya fi hannu a tsakaninsu, abin da matsakaicin maki zai ɓoye. Irin wannan awon nake kwaɗayi.

Don ku ga nisan tafiyar: a Amurka, likitan zuciyar da zai riƙa karanta eko da kansa ana neman ya ɗauki 150 da hannunsa, ya karanta 300. A Ingila ƙungiyar masu wannan aiki tana neman rahoto 250 kafin ta ba da shaida. Mu ba wannan matsayi muke nema ba, namu taƙaitacce ne. Amma hannu hannu ne. Mai koyon tuƙin tuwo zai iya kallon bidiyo ɗari, gudaji ba za su fasa fitowa a tukunyarsa ta farko ba.

Yanzu kuma ga na'urori 'yan ƙanana da ake jona wa waya, irin su Butterfly da Lumify, ga manhajar da ke gaya wa hannu ya matsa sama ko ya juya dama. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan manhaja ta farko, kuma a gwajinta ma'aikatan jinya takwas da ba su taɓa eko ba sun samo hotuna masu amfani a yawancin majiyyata 240. Abin farin ciki ne. Sai dai ba a kan mai jegon da ba ta iya kwanciya a ɗakin da babu fanka aka gwada ta ba, kuma manhaja ba za ta yi wa Inna bayani ba. Ita ma sai an auna ta a nan, a kan mutanenmu.

Da na kai wa malam abin da na gani, ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Dakta, me kike so a canza?" Na ce a daina ba da takardar shaida ranar ƙarshe ta haɗuwa. A bari sai mutum ya koma asibitinsa ya turo hotunan majiyyatansa na gaske, a cire sunan mai ɗauka, wani gwanin da bai koyar da mu ba ya duba, domin malami yana son ɗalibinsa, ido kuma yana da kunya. A sake gwada hannu bayan wata shida. A ƙirga waɗanda suka zame, a tambaye su dalili. Kafin a ɗauki likita ma a tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin na'ura a asibitinsa.

Bai karɓi duka ba. Gwanin da zai zauna duba ɗaruruwan hotuna sai an biya shi, ko kuma a ci lokacin majiyyatansa, kuma likitocin da ke bukatar takarda don ƙarin girma ba za su ji daɗin jiran wata shida ba. A kan wannan har yanzu muna ja. Amma ya yarda da biyu. Rukunin da za su fara bayan damina za su riƙe littafi irin na abokin nan namu, da gurbin "ban samu ba" a kowane shafi. Kuma cikin kwana biyar ɗin za a ware biyu a ɗakin mata, a kan waɗanda suka amince, ni da wata nas muna tsaye.